Bashin Sallama a Gajeren Zango

Jiya da dare wani mafarki na yi, irin wanda mutum ke tashi ya ji ya fi gajiya a kan yadda ya kwanta. Amma bari in fara gaya muku abin da ya jawo shi, kada ku ce tsufa ne.

Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, 'yan unguwa na ce masa Injiniya, tunda ya bar aiki ya ɗauko wata sana'a da ba ta kawo ko gishiri. Ya ɗaura waya tun daga kan darbejiyar ƙofar gida har mangwaron maƙwabta, wai eriya ce. Wayar ta sauko ta taga ta shiga wani ɗan abu kamar akwatin ashana, shi kuma ya soke shi a jikin kwamfuta. Wai wannan rediyo ne. Na ce ina abin murɗawa? Ya ce babu, manhaja ce ke murɗawa. Na ce ita kuma 'yar wace ce? Ya ce ita ce hankalin da ke cikin kwamfutar, wasu mutane ne can a duniya suke haɗa ta don sha'awa, ba mai biyansu. Na ce to ka samu danginka.

Jiya da la'asar ya kira ni in gani. Fuskar kwamfutar shuɗiya, wasu zare-zare masu haske na ta gangarowa kamar ruwan indararo. Ya ce kowane zare murya ce a gajeren zango, masu irin wasansa ne ke kiran juna daga gari zuwa gari. Ya taɓa wannan, Bature. Ya taɓa wancan, Balarabe. Sai ya taɓa wani siriri can gefe, da ƙyar ido ke ganinsa, cikin shuu ɗin nan na ji muryar mace, tsohuwa irina, da Hausa tangaran:

"Salamu alaikum. Akwai mutane?"

Na ce wa alaikumus salam, akwai, shigo. Injiniya ya yi dariya. Ya ce, Iya ai ba ta jin ki, wannan nawa kunne ne kawai, ba shi da baki, mai bakin sai da lasisi da wani akwati daban. Ya ce wataƙila wani irinsa ne ya miƙa wa tsohuwarsa abin magana. Matar ta sake sallama, ta jira, ta yi shiru. Shi kuwa Injiniya wai kar in damu, sabuwar manhaja na nan fitowa, ita duk wannan shuu da ƙananan muryoyin da ba sa fita sosai tace su za ta yi, kowa ya huta.

Ni kuwa kun san ni. Kwano in an aiko min da shi ba ya komawa wayam. Wadda ta zo min barka na san ta, wadda ta zo ta'aziyyar maigidana na san ta, wadda ta gan ni a hanya ta sunkuyar da kai tana gyaran takalmin ƙarya ita ma na san ta. Duk suna nan a kaina, ba na buƙatar biro. Sallama kuwa ba ma haƙƙin mutum kaɗai ba ce, amsa ta wajibi ne. Mace ta yi sallama a cikin gidana, na ji da kunnena, ta koma ba amsa. Da wannan na kwanta.

Sai kawai na gan ni a tsakiyar wani gari, da mayafina da takalmina, rana tsaka. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana tafiya sama. Bakin zanina ya jiƙe sharkaf, ɗankwalina a bushe. Mutanen garin kowa ya juya lemarsa ya shiga ciki ya tsaya, kamar yaro a bahon wanka. Ruwan ba ɗigo-ɗigo yake ba, zare-zare ne irin na fuskar kwamfutar nan, in ka kai kunne kusa da zare sai ka ji mutum na magana a ciki. Na fara bi ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana ba da labarin eriyarsa kamar mai yabon ɗansa. Wancan yana tambaya ko ana jin sa da kyau, aka ce ana ji, shi ma ya ce yana ji, suka rabu, iyakar hirar ke nan. Tawa mai sallamar ban same ta ba.

Wani mutum na zaune a kan turmi yana ɗinke inuwarsa da ta yage.

"Bawan Allah, sannu da aiki. Ina ake amsa sallama a garin nan?"

"Ta yau ko wadda ta kwana?"

"Ta kwana."

"Ofishin Manhaja. Amma da baya za ki tafi, in kin fuskance shi gudu yake."

Na tafi da baya. Da gwiwar nan tawa.

Ofishin ginin ƙasa ne, rufin kwano, eriya a kansa ta fi ƙayar bushiya yawa. A bakin ƙofa wata akuya ce zaune a tebur, da tabarau, da fari a goshi. Ta ce sunanta Ƙyalla.

"Sannu da zuwa, Iya. Rediyon wa kika zo a kai?"

"Na wannan."

"Wanne?"

"Wannan dai. Na farin."

"Iya, suna nake so."

"Ke 'yar nan, a gidanku haka aka koya miki? In kama sunan ɗan fari a bakin ofis?"

Ta sauke tabarau ta dube ni. "Tun safe uwaye ke zuwa, kowace ɗanta Wannan. Wannan ya yi mana yawa." Ta dai rubuta, ta cinye takardar, ta ce an adana.

Na gaya mata abin da ke tafe da ni. Ta nuna min tsakar gidan ofishin da kofato. Wasu tumaki na saƙa wata rariya, faɗinta ya kai filin idi. Ta ce ita ce babban abin da sabuwar manhaja za ta zo da shi. Da rana ta faɗi za a rataya ta a sama, duk zaren da ya hau sai ya bi ta ciki. Manyan muryoyi su wuce, ƙanana su maƙale, a kaɗe su a ba kaji.

"Rariya ai ƙanana take bari su wuce," na ce.

"A da ke nan. An gyara."

"To tsohuwar da ta yi min sallama, muryarta ko zaren gizo-gizo ya fi ta kauri."

"Dusa ce ke nan," in ji Ƙyalla. "Ki yi sauri."

Na ɗaga kai. Rana ta karkata, gabas ta nufa, kuma ba a hankali ba.

Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni a kan benci a cikin taro. Awaki cike da ɗaki, wani Bunsuru mai gemu har ƙirji a kan kujera, shi ne shugaba. Warinsa kam ko a mafarki bai canza ba. Taron na abin da za a ƙara wa manhaja ne. Ƙyalla ta raɗa min cewa ba mai albashi a cikinsu, kowa daga kiwo yake biyowa ya yi abin da ya sawwaƙa, shi ya sa ba a iya korar kowa, ba a kuma iya sa kowa.

Na ɗaga hannu. Bunsuru ya ce sai an zo kaina.

Wani taure ya miƙe ya ce a ƙara madannai. Na dubi bango, ko'ina madannai ne, tun daga ƙasa har rufi, ba inda ƙadangare zai ɗora ƙafa. Ya danna ɗaya don ya nuna mana, wata 'yar taga ta buɗe, a cikinta madannai. Ya danna na ciki, wata ta buɗe. Ya zura kai, ya zura kafaɗa, ya shige. Aka jira shi kaɗan, aka ci gaba.

Wani tsohon rago, baƙo ne, ya ce shi dai a dawo masa da abin murɗawa, wanda hannu zai kama ya ji tasha na matsowa. Aka ce an ji, za a zana masa hotonsa a bango. Wata ta ce so take tana kasuwa tana tuƙa rediyonta na gida ta wayar hannu. Wani ya ce a sa mutum ya iya aron kunnen rediyon wani gari, kana Azare ka ji da kunnen Yamai. Wannan kam na ce a raina ba laifi, in dai za a mayar da kunnen. Wata mai ido ɗaya ta ce a sa manhajar ta riƙa faɗin abin da ke rubuce da bakinta, kuma da Hausa, don ba kowa ne ya zauna a aji ba. Na ce Allah ya yi miki albarka, aka ce baƙi ba sa sa baki. Wata ramammiya daga baya ta ce duk sabuwar da aka fitar ta fi ta baya ci, kwamfutarta ta tsufa, batir ba ya kai ta la'asar in an ɗauke wuta, a yi wadda talaka zai iya ciyarwa. Aka tafa mata sosai, ba wanda ya rubuta.

Na sake ɗaga hannu. Ta taga ina hango rariyar, saura baki kawai a ɗaure mata.

Sai wani ya ce, wai shin ruwan nan dole ne sai sama zai riƙa tafiya? A wasu garuruwan ƙasa yake gangarowa. Bunsuru ya ce tun kakanni sama yake tafiya. Wancan ya ce to a sa madanni, mai son sama ya danna, mai son ƙasa ya danna. Bunsuru ya ce sai dai bayan ransa. Kafin in gyara zama ofishin ya tsage biyu kamar ƙwarya, har bencin da nake kai. Rabin awakin suka ɗauki rabin ginin suka tsallaka titi suka ajiye. Takalmina ɗaya ya tafi da su.

"Kullum haka ake?" na tambayi Ƙyalla.

"In an samu ci gaba."

Bunsuru ya juyo. "Iya, an zo kanki. Me kike so a ƙara?"

"Ranka ya daɗe, ni ba ƙari na zo nema ba. Sallama aka yi min, rediyon ɗana ba shi da baki. Ku dakata da rariyar nan tukuna har in amsa."

"Rariya an riga an yi alkawarinta."

"To ku huda mata ƙofa a gefe, ta tsofaffi."

"Shawara ce mai kyau," ya ce, yana tauna gefen tebur. "Ƙa'idarmu a nan, duk mai son ɗaki ya kawo tubalinsa. Kin iya saƙa rariya?"

"Na iya tankaɗe."

"To za a duba a ta gaba. Ko ta gaban ta gaba."

Na san irin wannan amsar. Ita nake ba mai neman aron turmina in ban yi niyya ba.

Na tsallaka titi wurin waɗanda suka ɓalle. A can ruwan ƙasa yake sauka, ɗankwalina ya jiƙe, zanina ya bushe. Suka tarbe ni da murna, suka ce su a tasu manhajar ba rariya, kowace murya 'ya ce. Zuciyata ta ɗan sanyaya.

"To ku ba ni mai baki in amsa sallama."

"Za a yi, Iya. Yanzu muna kan zaɓen suna."

"Takalmina fa?"

"Shi ne hatiminmu."

Ina tsaye wani ya ce a sa wa ofishin Na Asali, wani ya ce Na Gaskiya, ginin ya fara ƙara daga tsakiya. Ban jira ba.

Ƙyalla ta ja ni da bakin mayafi, sai ga mu a cikin rumbu. Ta ce wannan ma sabon abu ne, suna ji da shi. Manhaja na kwashe iskar yini guda cur ta adana, duk abin da aka faɗa a zangon, mutum ya dawo daga baya ya zaɓa. Muryoyi ne ɗaure dami-dami kamar gero, an jera har sama. Wasu na tari a cikin damin, wasu na dariya. Na fara ɗagawa ina saurara, ƙaiƙayi na cin hannuna. Can ƙasa, gefen da gara ta fara taɓawa, na zaro wata siririyar zangarniya. Na kai kunne.

"Salamu alaikum. Akwai mutane?"

Ita ce. Na gyara mayafi na ce, "Wa alaikumus salam, baiwar Allah, akwai. Ki yi haƙuri da jiya."

"Salamu alaikum. Akwai mutane?"

"Na ce akwai."

"Salamu alaikum."

"Iya," in ji Ƙyalla, "ta jiya ce. Ajiya ce. Ba ta ji."

"To amfanin me?"

"Ki ji ta sau nawa kike so."

"Wato kun gina rumbu don mutum ya riƙa zuwa bashinsa na yi masa sallama."

Ta ce eh, kuma mutane na yabawa. Amma ta shinshina zangarniyar ta ce ta gane wurin, can ƙarshen zango ne, in matar na nan har yanzu a nan za a same ta.

A hanya muka wuce wata rumfa. Akwatuna ne zaune a kan tabarma, biyu-biyu, suna fuskantar juna, suna wani tsiyu-tsiyu kamar 'yan tsaki. Ba mutum ko ɗaya. Ƙyalla ta tsaya, har da ɗaga ƙirji. Ta ce nan aka dosa, duk abin da na gani a baya share fage ne. Akwati ya kira akwati, su gaisa, kowa ya shaida ya ji ɗan'uwansa, su rabu. Masu su na can wurin ɗaurin aure ko suna barcin rana, in sun dawo a gaya musu sun gaisa da mutum kaza a ƙasa kaza.

"Bari in sa ɗaya ya amsa miki," ta ce. "Yanzu-yanzu. Irin tasu muryar ko rariya ba ta kama ta."

Wallahi sai da na tsaya. Ƙafa ɗaya ba takalmi, gwiwa na zafi, rana ta kusa taɓa rufin gidajen gabas. Sai na tuna Tabawa ta bayan masallaci, maƙwabciyata. Da maigidana ya rasu aike ta yi, wai tana gaisuwa, alhali lafiyarta ƙalau, na ji muryarta ta katanga tana faɗa da mai manja. Na karɓa, na ce a gaishe ta. Ranar da nata rashin ya zo ni ma aike na yi, kuma ta san dalili.

"A'a," na ce. "Da bakinta ta yi, da bakina zan amsa."

"Za ki makara."

"To daina tsayawa."

Ƙarshen zango wani fili ne fetal, siraran zare kaɗai ke tashi jefi-jefi. Bunsuru ya riga mu zuwa, da teburinsa da bai gama ci ba. A gabansa wani akwati, da abin magana mai igiya, da madanni ɗaya a gefe. Ya ce wannan shi ne mai baki, amma sai da lasisi.

"Tambaya ɗaya ce. Da jiya da Agadas, wanne ya fi nisa?"

"Jiya. Agadas ana zuwa a mota."

Ya lashi wani ganye ya manna min a goshi. "Kin ci."

Ƙyalla ta murɗa iska da kofato har wani zare ya matso gabana, yana rawa kamar zai tsinke. Can sama tumaki sun fara jan rariya da igiya, inuwarta ta rufe rabin filin. Daga cikin zaren na ji ta, muryar ta ƙara dushewa a kan ta jiya.

"Salamu alaikum. Akwai mutane kuwa?"

"Ki danna nan ki yi magana," in ji Ƙyalla. "In kin gama ki saki."

Na danna da babban yatsa.

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Akwai mutane, baiwar Allah, sannu da zuwa. Ina wuni? Ina gajiya? Yaya gida, yaya iyali? Yaya jikin tsufa? Yaya ruwa, ko da yake ban san ina naku yake dosa ba? Yaya mai rediyon, ke ma naki haka ya bar aiki ya koma ɗaura waya a bishiyar mutane?"

Shiru. An ce in na gama in saki, ni kuwa ban gama ba. Gaisuwa ai ba ta ƙarewa sai an amsa, a kuma juyo maka da taka, kana lafiya lau ana lafiya lau, murya na hawa kan murya. Haka aka rene ni, haka na reni nawa. Na ƙara matse madannin na jira.

Shiru.

"Ina gajiya, na ce."

Shiru.

Raina ya fara ɓaci. Na biyo mace da baya, na bar takalmi a hannun 'yan tawaye, ƙaiƙayin rumbu bai bar hannuna ba har yanzu.

"Ke baiwar Allah, in fushin jiya kike ai sai ki faɗa. Laifin akwatin ashana ne, ba nawa ba. Amma a gaishe ki ki yi gum, wannan ba tarbiyya ba ce, ko a wane gari kike."

Ƙyalla na ta zungurina da ƙaho. Na ce ke bari, da babba nake magana.

"Iya, saki! Muddin kina danne ba kya jin kowa. Baki da kunne ba sa aiki tare a nan."

Na saki.

"...ba tarbiyya ba ce, ko a wane gari kike," in ji muryar. Sai ƙit, ita ma ta saki.

Bunsuru, da yake yana da wani akwati mai kunne a gefe yana jin mu duka biyu, ya ce tunda yake bai taɓa jin gaisuwa mai tsari irin wannan ba. Wai matar na jin ƙit ɗin dannawata ta san an fito, ita ma ta danna ta hau gaisuwa. Ina cewa ina wuni tana cewa ina wuni. Na tambayi ɗanta ta tambayi nawa. Har faɗan ma tare muka ɗauka, tare muka sauke.

"To ta ji amsata?"

"Ko harafi. Ni dai na ji."

"Kai ka yi min sallamar?"

"A wurinmu an gaisa."

"A wurina ba a yi ba."

Inuwar rariya ta iso kan ƙafata. Na ce to yanzu na gane, bari in bar ta ta fara, ita ce baƙuwa. Na naɗe hannu na jira. Zaren na nan yana rawa, ba magana. Ashe ita ma can ta naɗe hannu, ta bar wa masu gida. Muka yi ta yi wa juna kara. A gefe zaruruwan da rariya ta fara cim ma suna maƙalewa, tumaki na kaɗewa, kaji na tsattsaga. Wani dattijo na ji yana cewa, ana ji na kuwa, daga cikin bakin zakara.

Na juya wurin Bunsuru. "Ranka ya daɗe, ɗazu ka ce me nake so a ƙara. To ga shi. Ku yi wadda mutum biyu za su yi magana lokaci guda su kuma ji juna, yadda Allah ya yi mutane. Duk madannan nan naku, wannan ɗin ne babu."

"Yana da wuya."

"Ya fi rariya wuya?"

"Rariya ta fi daɗin nuna wa baƙi. Amma kawo tubalinki."

"Iya," Ƙyalla ta ce ƙasa-ƙasa, "abin da ya rage bai wuce numfashi ɗaya ba. Ki faɗi amsar kawai ki saki. Ban da gajiya, ban da iyali."

"Amsa tsirara? Kamar wadda tuwonta ke ƙonewa? Me matar za ta ɗauke ni?"

"Wadda ta amsa."

Tunda nake ban taɓa yi wa babba guntuwar gaisuwa ba. Ko wadda muke gaba da ita sai na tambaye ta gajiya, don kada ta samu abin faɗa a gidan suna. Na dubi zaren, samansa ya fara lanƙwasa a jikin rariya. Na danna.

"Wa alaikumus salam. Akwai mutane."

Na cire yatsa kamar na taɓa garwashi. Sauran gaisuwar ta taru a maƙogwarona, da ƙyar na haɗiye ta.

Shuu. Shuu. Sai can nesa:

"Alhamdu lillahi. Na ji ki, 'yar'uwa. Na ji ki." Ta ɗan yi tari. "Ina wuni?"

Kun ji fa. Na sauke wani bashin, ta ɗora min wani. Na kai yatsa zan danna, tumaki suka ja igiya, zaren ya tsinke tun daga tushe ya faɗo. Wata kaza ta taho da gudu ta ɗauke shi, na bi ta da ɗingishi ina danna iska, tana gaba tana ƙwar, ƙwar, ƙwar.

Ashe matar ɗana ce a tsakar gida take kankare ƙanzon tukunyar tuwo da cokali. Gari ya waye tuni. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Lafiya lau."

Ta leƙo ta labule, tukunya a hannu. "Iya, ai ban gaishe ki ba tukuna."

"Ba da ke nake ba," na ce. "Je ki kira min mijinki. Ki ce kafin ya taɓa kwamfutar nan ina son ganinsa."